Ranar da Ba Ma Zuwa Rafi

Laraba, 8 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Kifin Agya Boadu ya mutu. Tafki huɗu, babu wanda ya tsira.

Da sassafe ya bugo waya ofishinmu na kula da muhalli. Shugabana, Owura Tenkorang, ya ce in kwashi kwalabe in je, tunda ni ce 'yar garin. Na iske tsohon a tsaye bakin tafkin farko, hularsa a hannu. Karfasa sun taso sama, ciki fari fat, har ba a ganin ruwan. Shekara talatin ya yi yana koyarwa, ni ma ya koya min lissafi, da ya ajiye alli ne ya haƙa tafkunan nan. Bai yi ihu ba. Da ma ihun ya yi, da na fi samun sauƙi. Ce min kawai ya yi, "Foriwaa, 'yata, ke kika yi karatun ruwa. Sunsuna ki gaya min."

Na sunsuna. Ban gaya masa ba.

Tafkunansa daga rafin Abena suke sha. Can sama da tafkunan, tafiyar minti goma sha biyar, inji ɗaya ne tak a kusa da ruwan, injin matsar manja na Eno Dansoaa. Yayar mahaifiyata ce. Ita ta goya ni tun ina wata bakwai, ranar da aka binne uwata. Na cika kwalabe shida.

Alhamis, 9 ga Maris, da hantsi

Na aika kwalaben Koforidua, ɗakin gwaji. Sun ce mako guda.

Na jawo fayil ɗin injin Eno na karanta daga farko, kamar ba ni na rubuta shi ba. Shekara biyu ke nan da hukumarmu ta kawo tsarin nan. Ba ma zuwa da ɗan sanda. Koyarwa muke yi. A haƙa rami uku, dagwalon da ya fito daga dafa kwakwar manja ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kwanta, ya huce, ya tace kansa. A ajiye littafi, kullum a duba ramukan a yi alama. Mu kuma duk wata mu ɗebi ruwan rafi mu gwada. Wanda ya kiyaye, a kafa masa koren allo a ƙofa, kuma masu sabulu na birnin Tema ba sa sayen manja sai a inda suka ga allon.

Da na fara yawo da takarduna, matan injina dariya suka riƙa yi min. "Ga gwamnati ta zo auna mana ruwan wanki!" Babu wadda ta yarda. Sai na je na durƙusa wa Eno. Ta dube ni ta ce, "Don ke zan yi. Gwamnati ba ta taɓa tauna min abinci ba." Da ita da matanta talatin suka haƙa ramukan da hannu. Bayan an kafa mata allo, inji goma sha ɗaya suka biyo baya.

Wata ashirin da huɗu, gwaji ashirin da huɗu, duk fes. Sa hannuna ne a ƙasan kowanne.

Ran 31 ga watan nan manya za su zo da masu injina daga gunduma uku, su ga yadda Eno take yi su koya. Har anko ta ɗinka wa matan.

Juma'a, 10 ga Maris, da azahar

Wataƙila zafi ne. Ruwan sama ya makara, Abena ta janye har ana ganin duwatsunta. Kifi yana mutuwa don zafi. A littafi ma an rubuta.

Lahadi, 12 ga Maris, bayan cin abinci

Daga coci na bi Eno gida kamar kullum. 'Yarta Ampofowaa tana daka fufu, ni ina juyawa, tana tsokanata wai hannun 'yan ofis ba ya jin tsoron taɓarya don bai san ta ba. Eno ta zuba min miyar kwakwa, ta tsamo kan kifi ta sa min, don ta san shi nake so. Na dube shi, ya dube ni.

"Ba kya ci," in ji ta.

"Cikina ne, Eno."

"Cikinki ko maganar malamin nan? Allah ya mayar masa. Na aika masa da manja galan biyu, ya san muna tare da shi."

Ta faɗi haka da zuciya ɗaya. Na san fuskarta in tana ɓoye abu, wannan ba ita ba ce. Shi ya fi ɗaga min hankali.

Akwai wata magana da ta yi min a watan Janairu, a nan gindin turmin. Ba zan rubuta ta ba yau.

Litinin, 13 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Owura Tenkorang ya kira ni. Fayil ɗin a gabansa, gasasshiyar ayaba da gyaɗa a gefe, yana ci yana bin ranakun da na ɗebi ruwan rafi da yatsa.

"Oforiwaa, zo ki taya ni gani, idona ya tsufa. Litinin. Juma'a. Litinin. Litinin. Juma'a. Ina Talata ta shiga?"

"Owura, ka san ba a zuwa Abena ranar Talata. Ranarta ce."

"Na sani. Namu rafin ma ranar Alhamis yake hutawa. Laraba fa?"

"Kasuwa."

Ya gyaɗa kai, ya tura min gyaɗar. "Ba laifi nake nema ba. Ni ma da ni ne, haka zan tsara. Amma kifin nan safiyar Laraba ya mutu."

Ya ce in ina so ya ba wani fayil ɗin, babu wanda zai ga laifina. Na ce a'a. Ban san me ya sa na ce a'a ba. Girman kai ne, ina jin. A wurin Eno na gaje shi.

Talata, 14 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je.

Tun da aka haife ni ƙafata ba ta taɓa taka bakin Abena ranar Talata ba. Na yi digiri, na san ruwa ruwa ne, amma da na shiga hanyar sai da tsikar jikina ta tashi. Babu mai tulu, babu mai wanki, ko akuya babu. Na bi gaɓa zuwa saitin injin. Tun kafin in gani na ji. Wata siririyar hanya ce ta gangaro daga cikin ciyawa, ruwa mai kauri, launin ƙasa, da ɗuminsa, yana shiga rafin a hankali ba ƙara.

Na bi ta sama har rami na uku. Ampofowaa da fartanya a hannu. Eno a tsaye tana nuna mata inda za ta ƙara buɗewa.

Da ta gan ni na fito daga wajen rafi, sai ta dafe ƙirji. "Yesu! Foriwaa, daga ina kike? Me ya kai ki wurin Abena yau? Wa ya gan ki?"

"Eno, mene ne wannan?"

"Ramin ya cika. Kwakwa ta yi yawa, kin gani da idonki. In na bar shi ya yi ambaliya, gidajen mutane zai shiga."

"Shi ne kike zuba shi a rafi?"

"Ranar Talata! Ba mai ɗiban ruwa, ba yaron da ke wanka. Kafin gari ya waye Abena ta wanke kanta. Ba ke kika ce mana a wajen koyarwa kada ruwan nan ya taɓa mutum ba? To wane mutum ya taɓa? Kuma daga nan muke buɗewa, ko taku ɗaya ba mu yi zuwa bakinta ba. Mu mun san abin da ya dace. Ke ce dai."

Na ce kifin Agya Boadu fa. Ta ce bara ma sun yi haka sau uku, ba abin da ya mutu. Na ce bara an yi ruwan sama, bana rafin ba shi da ƙarfin ɗauka. Na ga lokacin da maganar ta shige ta, bakinta ya ɗan buɗe, ta dubi gangaren. Sannan ta karɓi fartanyar daga hannun Ampofowaa ta toshe hanyar da kanta.

"An toshe," ta ce. "Shi ke nan ko?"

Na juya na kama hanya.

Laraba, 15 ga Maris, da safe

Rahoton yana jirana. Ni ce zan rubuta wa hukuma abin da ya kashe kifin. Kwanan wata kawai na rubuta.

Alhamis, 16 ga Maris, da la'asar

Sakamakon gwaji ya iso. Ba zafi ba ne.

Na sake karanta ƙa'idar tsarin, ko zan sami ƙofa. Ni na taya rubuta ta, na san babu. In ramin ya gaza aka kawo mana kuka, hukuma ta taimaka a haƙa wani, ba hukunci. In aka zubar a ɓoye, a cire allo shekara guda, a tsayar da inji har sai an gyara. Tsakiyar kakar kwakwa. Mata talatin.

In aka kawo mana kuka.

Asabar, 18 ga Maris, da hantsi

Ampofowaa ta zo har ɗakina. Ba ta zauna ba.

"'Yar'uwa, rubuta zafi. Kowa ya san ana zafi. Mun toshe, ba za mu ƙara ba, me kuma kike so?"

"Takardar gwajin tana hannun Owura."

"Takarda! Takarda ce ta goya ki? Ni aka cire daga nono aka ba ki, kin sani ko ba ki sani ba? Har yau Eno tana cewa shi ya sa na fi ki gajarta."

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Ni ma haka. Ta ce tun ranar Talata Eno ba ta cin abin kirki, da safe takan zauna gaban ramin ta yi ta kallonsa. Ta ce ranar Alhamis Eno ta tafi gidan Agya Boadu ita kaɗai, ta kai ƙofa, ta juyo.

Lahadi, 19 ga Maris, da yamma

Ban je gida cin fufu ba. Na ce ina da aiki. Eno ta aiko min da shi a kwano, da kan kifi a sama.

Litinin, 20 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Rahoton yana jirana.

An gan ni. Wani mai ɗiban bammi yana kan bishiya ranar Talatar, ya kai magana fada. Kakakin Nana, sarkin garinmu, ya aiko, ana nemana ranar Alhamis in faɗi abin da ya kai ni bakin Abena a ranarta. Owura Tenkorang ya ce, "Kin ga, mu muna da tsarinmu na shekara biyu, su suna da nasu na shekara ɗari uku, kuma nasu ne ya fara kama mutum." Ya yi dariya shi kaɗai, da ya ga fuskata ya daina.

Talata, 21 ga Maris, da azahar

Bari in rubuta, in huta.

Janairu, Lahadi ta biyu. Eno tana gyara wuta ta ce min, "Foriwaa, ramin nan na uku yana cika da wuri. In kwakwa ta faɗo a Maris ba zai ɗauka ba. Ki gaya wa mutanenki." Waya tana hannuna, ina jera sunayen baƙin da za su zo ran 31. Na ce, "Zan duba, Eno." Ban ɗago kai ba ma.

Ta kawo kuka. Ni ce hukumar da ta kawo wa. Ba ta san wata ƙofa ba sai ni, kuma Eno ba ta roƙon abu sau biyu.

Ban duba ba. Ina can ina zaɓen kalar rumfa.

Alhamis, 23 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Fada ta cika. Dattawa, matan injina, Agya Boadu a kujerar gaba da sandarsa. Kakaki ya karanta laifina, ya ce tunkiya ɗaya da kwalbar giya biyu, a kai wa Abena a ba ta haƙuri. Kafin in buɗe baki Eno ta miƙe. Ta cire takalmanta, ta tako ƙasa da ƙafa tsirara zuwa gaban Nana, ta ɗora bayan hannunta na dama a tafin hagu. Matar da ban taɓa ganin ta roƙi kowa ba.

"Nana, ina roƙo. Yarinyata ce, ni na raine ta. In ta yi kuskure ni ban koya mata da kyau ba. Tunkiyar a kaina."

Nana ya karɓa. Mutane suka fara gyara zama za su tashi. Sai kakaki ya juyo gare ni. "An yafe. Amma ba ki gaya mana ba, 'yarmu. Me kika je nema?"

Da na ce hanya na ɓata, da ya wuce. Kowa ya gaji, kowa yana son tafiya. Eno tana tsaye kusa da ni har ina jin numfashinta. Na dubi Agya Boadu. Kallona kawai yake yi kamar yadda yakan yi in ya ba ni alli a gaban allo.

Na faɗa. Ramin, hanyar, Talatar. Na faɗi maganar Janairu ma, na ce laifin daga wurina ya fara, na maimaita har sau biyu. Babu wanda ya ji wannan ɓangaren. Hayaniya ta riga ta tashi. Wata tsohuwa tana ihu, "A ranarta! A ranarta kuke ba ta ƙazanta ta sha!"

Eno ba ta dube ni ba. Ta koma inda ta bar takalmanta, ta sa na dama, ta sa na hagu, a hankali, kamar ba kowa a wurin. Sannan ta tsaya ta fuskanci jama'a ta ce, "Haka aka yi."

Juma'a, 24 ga Maris, da safe

Na rubuta rahoton. Minti arba'in ya ɗauke ni. Sunana yana shafi na farko, na Eno a na biyu.

Lahadi, 26 ga Maris, da rana

Shekara ashirin Eno tana zama a benci na biyu, wajen shugabannin mata. Yau a can baya ta zauna, kusa da ƙofa. Ba wanda ya ce ta koma. Aka zo gaisuwar salama, na ratsa cocin gaba ɗaya na miƙa mata hannu. Ta karɓa. Ta ce, "Salama, Madam."

Madam.

Litinin, 27 ga Maris, ƙarfe uku na yamma

Owura Tenkorang ya yi iya ƙoƙarinsa. Saboda maganar Janairu an rage, wata shida maimakon shekara. Hukuma za ta kawo motar haƙa a yi rami na huɗu. Ni an ba ni takardar gargaɗi, an ce daga yau a riƙa ɗiban ruwa kowace rana ta mako a duk gundumar, a nemi izinin masu gari inda ake da ranar hutu. Ya ce tsarin ya koyi abu, don haka aka yi shi. Na ce to.

Wata shida. Kafin nan kakar ta wuce. An soke zuwan baƙi.

Na je gidan Agya Boadu. Ya ce Eno ta zo jiya da yamma, wannan karon ta shigo. Ta ce ita da matanta za su kwashe masa tafkunan su wanke, tunda yanzu ba su da aikin yi. Ya ce, "Kin yi daidai, 'yata." Na ce masa kada ya ƙara faɗa min haka. Na yi masa rashin kunya, tsohon da ya koya min lissafi, sannan na zauna a dakalinsa na yi kuka har ya rasa yadda zai yi da ni.

Talata, 28 ga Maris

Ba komai.

Laraba, 29 ga Maris, da la'asar

Na haɗu da Ampofowaa a kasuwa, tana sayar da barkono a faranti. Ta ga na nufo ta, ta juya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Ɗankwalin da ke kanta na ankon nan ne.

Gobe za a cire allo. Owura ya ce zai tura direba. Na ce ni na kafa shi, ni zan cire.

Alhamis, 30 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ban taɓa jin injin shiru da rana ba. Tukwane a kife, murhu ba wuta, tulin kwakwar da ba a kai ga dafawa ba ya fara baƙi. Eno ita kaɗai, tana kwashe sauran manja daga ƙasan ganga da hannu.

Na gaishe ta, ta amsa. Allon yana can sama bisa ƙofa. Na jingina tsani, yana ta rawa, ƙasar wurin duk santsi. Na taka na farko, na taka na biyu, sai na ji ya tsaya cak. Na duba ƙasa. Ita ce ta riƙe shi da hannu biyu, fuskarta a gefe.

"Tsallake na huɗu," ta ce. "Ya ruɓe."

Na kwance ƙusoshin ina kuka, ba na ganin abin da nake yi, ɗaya ya faɗo kusa da ƙafarta. Ba ta saki tsanin ba sai da na sauko ƙasa.

"Eno," na ce.

"Akwai inda zan sa hannu, Madam?"

Akwai. Na fito da takardar, na laluba jaka, ashe na bar tawadar dangwale a ofis. Na ce bari in koma in ɗauko. Ta ce ba sai na sake zuwa ba. Ta dubi babban yatsanta, jajir da manja, ta dangwala shi a ƙasan takardar ta danna sosai. Ya fito sarai, kowane layi.

Ta koma wajen gangarta.

Juma'a, 31 ga Maris, da safe

Takardar tana jakata, ban miƙa ba tukuna. Owura ya tambaya sau biyu. Duk lokacin da na buɗe jakar, ƙamshin gidanmu ne yake fitowa.